Ƙusa Ɗaya Kowace Safiya

Ni mace ce da ba ta iya ganin an yi rabin aiki an bar rabi. Tun ina yarinya haka nake. In na shiga gidan mutane na tarar an share tsakar gida an bar sharar a bakin ƙofa, hannuna ya dinga ƙaiƙayi ke nan har in fita. A makarantar firamaren da nake koyarwa a Funtuwa an san ni da wannan, shi ya sa ba mai son a haɗa shi aiki da ni. Na faɗi haka tun farko ne don a san abin da na yi a gidanmu na Tsiga ba mugunta ba ce. Hali ne, kuma halin da na daɗe ina alfahari da shi.

Babanmu ya rasu farkon damina, an gama shuka ke nan masara ta fara leƙowa. Na zo aka yi zaman makoki, bayan bakwai na koma bakin aiki. Ranar arba'in na zo da safe na juya da yamma. Sai da aka ba da dogon hutu, na raba 'ya'yana gidajen dangin ubansu, sannan na ɗauko jaka na taho in zauna da Inna, wadda a lokacin ta yi wata biyu da 'yan kwanaki cikin takaba.

Ni ce 'yar fari, don haka tun da nake ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. Ba ta kallona ido cikin ido, ba ta yi mini doguwar magana. In tana son in miƙo mata ludayi, sai ta gaya wa bango cewa ludayi ya yi nisa, ni kuma in tashi in ɗauko. Shekara arba'in da 'yan kai haka muke, kuma ba mu taɓa rasa fahimtar juna a kan ludayi ba. A kan manyan abubuwa ne kawai ba mu da hanya.

Ƙanena, wanda ke zaune a gidan da iyalinsa yana noma gonakin Baba, shi ke ba ni labarinta ta waya. A kwanakin farko ya ce ba ya son yadda take. Ta kwanta ta juya wa ƙofa baya, salla kawai ke tayar da ita, abinci sai an yi da gaske. Tsoronsa kada ta bi Baba kafin ta fita takaba, kuma ya faɗa mini haka ƙarara. Daga baya sai ya ce ta ɗan warware, kullum da sassafe tana fitowa tsakar gida, tana shan koko, har takan yi wa jikokinta faɗa. Na ce alhamdulillahi. Ban tambaye shi abin da ke fito da ita ba.

Gidanmu kakanmu ne ya gina shi zamanin da auduga ke da daraja. Ginin ƙasa ne, daga baya aka shafe shi da siminti aka ɗora kwano. Amma ƙofofin ba a taɓa su ba. Kowace da sakatarta ta baƙin ƙarfe, wadda maƙeri ya buga da hannu, da zoben da ake ja, da tsohon kwaɗon da makullinsa ya ɓace tun ban san kaina ba. Wadda ta fi su duka ita ce ƙofar turakar Baba, da ya gada daga nasa uban. Katako ne mai kauri, an jera masa ƙusoshi masu kan tagulla, kowane kai ya yi faɗin marfin kwalba. Layi goma sha uku ne, goma-goma. Tun muna yara baƙi ƙirin muka san su, har ban taɓa ɗauka tagulla ce ba.

Ranar Alhamis da yamma na iso. Ina ajiye jaka idona ya faɗa kan ƙofar nan. Daga sama zuwa tsakiya ƙusoshin suna ƙyalli, ja-ja-ja da su, daga nan zuwa ƙasa kuma baƙi kamar yadda na san su. Layi shida cif, da guda uku a layi na bakwai, sai aka tsaya. Guda ukun nan su suka fi ba ni haushi. Na ce a raina aikin matar ƙanena ne, ta fara don fita kunyar baƙin arba'in, da baƙi suka watse ta watsar. Ko layin ma ba ta iya ƙarasawa ba.

Washegari Juma'a, bayan na yi sallar asuba na koma na kwanta, don gajiyar makaranta ba ta sake ni ba. Da na tashi rana ta fito, Inna tana zaune a tabarma da kofin koko a gabanta, ba kwalli, ba ɗan kunne, ta rame amma idonta a buɗe. Na gaishe ta, ta amsa wa ƙasa. Sai na ɗaura zane na shiga aiki.

Da baƙin ƙarfe na fara. Shi tsatsa ke cin sa, maganinsa kuma kananzir da yashi mai laushi. Na bi sakatun gidan ɗaya bayan ɗaya, in jiƙa su da kananzir in bar su su sha, in dawo da soson buhu in dirje har jan ruwan tsatsa ya gangaro, in goge, in ɗiga musu man gyaɗa. Sakatar ɗakin girki da ta shekara tana kuka duk lokacin da aka ja ta, ta yi shiru. Ta rumbu kuwa sai da na sa dutse na bubbuga kafin ta motsa. Kafin azahar na gama da su duka, farcena ya yi baƙi, raina fari tas.

Ita tagulla ba a yi mata haka. Yashi yana ƙarzar ta. Tun da safe na jiƙa tsamiya a ruwan ɗumi, na tankaɗe toka da rariya, na yayyaga wani tsohon zane. Bayan an tafi masallaci, Goggo, ƙanwar Baba da ke zuwa duk Juma'a ta yi wa Inna tsifa, ta shigo ta ƙofar baya, suka zauna can bayan ɗaki ƙarƙashin darbejiya. Tsakar gida ta zama tawa. Na jawo kujera 'yar tsugunno na zauna gaban turaka.

Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin aikin nan. Ki ɗibi ɓargon tsamiya ki shafa a kan ƙusa, ki wuce ta gaba, kafin ki kai ƙarshen layi ta farko ta jiƙu. Sai ki dangwali toka da tsumma mai laima ki murza da babban yatsa, ki zagaya, ki zagaya. Da farko ba abin da ke faruwa, sai wani kore-kore ya fara bin tsumman, sannan a tsakiyar baƙin ki ga ɗigon ja ya buɗe ido. Daga nan kuma sai dai ki yi ta bi yana faɗi. Ki ɗauraye, ki busar da busasshen tsumma, in ba haka ba ruwan ya bar tabo. A wasu ƙusoshin har sawun gudumar maƙerin ya fito. Matar ƙanena ta wuce ni sau biyu da tire, ta ɗan tsaya, ta ce, "Sannu, Yaya," ta wuce. Na amsa mata da murya irin ta mai koya wa mutum aiki.

Ukun jiya na ga sun zama huɗu, na ce ni ce ban ƙirga daidai ba. Sittin da shida ne suka rage, kuma kafin la'asar na gama da su. Na ja da baya na duba. Ƙofar ta zama ɗaya daga sama har ƙasa.

Inna ta zagayo da buta za ta yi alwala, Goggo kuma ta fita ta inda ta shigo. Da Inna ta zo daidai turaka sai ta tsaya. Ta daɗe a tsaye, ruwa yana ɗiga daga bakin butar a kan ƙafarta. Ta ɗaga hannu kamar za ta taɓa, ta fasa. Sannan ta ce wa ƙofar, "Sannu da aiki." Ta yi alwalarta ta shige ɗaki. Ni kuwa na ɗauki wannan yabo ne, don a wurin Inna kalma uku ba ƙaramin abu ba ne.

Ranar Asabar ba ta fito ba. Koko ya yi sanyi a bakin ƙofarta har ya yi fata. Na leƙa, tana kwance ta juya wa ƙofa baya. Na ce ko zazzaɓi ne, lokacinsa ne, na taɓa goshinta na ji sanyi ƙalau. Lahadi ma haka. Ƙanena ya dawo daga gona ya tsaya a bakin ɗakinta ya yi ta sallama, ta amsa sau ɗaya. Ya dube ni ya ce, "Yaya, ta koma yadda take da farko."

Litinin da hantsi na aika aka kira Goggo. Wannan karon ta zaure ta shigo. Ba ta kai ɗakin Inna ba, ta ci birki a gaban turaka.

"Wa ya yi wanga aiki?"

Na ce ni ce, Goggo.

Ta dube ni daga sama har ƙasa. Goggo ba ta da alkunya da ni, ita ta yaye ni, kuma bakinta ba ya gajiya. "Malama mai boko," in ji ta. "Ke da kike koya wa 'ya'yan mutane lissafi. Kin ga an yi sittin da huɗu an tsaya, ba ki tambayi kanki kwana nawa da rasuwar ubanki ba?"

Na lissafa a tsaye. Ranar Juma'ar nan kwana sittin da huɗu ne, ko da biyar.

Ta zaunar da ni a kan turmi ta ba ni labarin. Lokacin da kakanmu ya rasu, kakarmu, uwarsu ita da Baba, ce ta fara. Kullum bayan asuba, da gari ya yi haske, ta fito da ɗan kwanon toka ta goge ƙusa ɗaya, ta koma. Ba wanda ya sa ta, ba kuma wani malami da ya ce a yi. Wata huɗu da kwana goma, ƙusoshi ɗari da talatin, sun yi kusan daidai. Ranar da ta kai ƙasan ƙofa ta yi wanka ta sa kwalli ta fita gaishe-gaishe, shi ke nan, aka bar ƙofa ta koma baƙinta. Inna a lokacin amarya ce a gidan, ita ke tankaɗe mata tokar.

"Amma Goggo," na ce, "ai da wata ake lissafin takaba. Ko a waya ma ana iya dubawa."

"Wa ya ce miki lissafi ya ɓace mata? Ta fi ki sanin ranar. Abin da za ta tashi ta yi ne kika cinye mata. Mace ta yi shekara arba'in da biyar tana tashi ta ɗora wa mutum ruwan wanka, rana ɗaya aka ce babu shi. Mi za ta tashi ta yi? Ta samu abu ɗan ƙanƙane, ta raba shi gida ɗari da talatin don ya kai ta. Kin zo kin gama mata shi tsakanin azahar da la'asar."

Haushi ne ya fara zo mini, kuma ba kaina na fara jin haushi ba. Na tafi ɗakin girki na tsare matar ƙanena, na ce ta gan ni da idonta sau biyu, me ya hana ta magana? Ta sunkuyar da kai ta ce, "Yaya, na ga kin riga kin yi nisa, kuma na ji nauyi." Na nemi ƙanena, ya ce shi wallahi kafin gari ya waye ya tafi gona, bai taɓa lura da ƙofa ba. Da na rasa wanda zan kama, sai na koma kan turmin na zauna. A nan kunya ta same ni, sannan tsoro. Na san in Inna ta tafi a wannan kwanciyar, ni na tura ta, da tsamiya da toka.

Ba zan iya shiga in ba ta haƙuri ba. Ba mu da wannan hanyar, na faɗa. In na durƙusa na ce na yi kuskure, za ta ce wa bango ba komai, ta ƙara juya baya. Abin da na iya shi ne aiki. Don haka na yanke shawarar in mayar da ƙusoshin baƙi.

Ashe fitar da baƙi ya fi mayar da shi sauƙi. Ranar Talata na kankaro baƙin tukunya na kwaɓa da mai na shafa wa guda uku. Daga nesa ba laifi, amma ana taɓawa ya biyo yatsa, ja ya fito yana dariya. Na gwada hayaƙin fitila, shi ma haka, ga shi na kusa ƙona katakon. Na gwada man takalmin ƙanena. Goggo, da ta dawo gidan da kwana, tana zaune tana kallona tana cin goro. Ta ce, "Uwarki ba yarinya ba ce. Ta san baƙin tukunya, ta san baƙin shekaru."

Laraba na yafa gyale na tafi maƙera. Maƙerin tsoho ne, ya san Baba, ya yi mini ta'aziyya tukuna. Da na faɗi abin da ya kawo ni sai ya ajiye gudumarsa ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya yi dariya har da tari. Ya ce shi tun yana saurayi ake kawo masa ƙarfe a ce ya fitar masa da haske, yau ce rana ta farko da aka ce ya kashe shi. Ya ce kuma tagulla ba aikinsa ba ne, na maƙeran fari ne, su kuwa sun ƙare a garin. Na juya zan tafi, sai ya tambaye ni dalili. Na gaya masa a taƙaice. Ya daina dariya.

"Hajiya, a gidanku ina ake ajiye takin zamani?"

Na ce a ɗan ɗakin da ke jikin zaure.

"Je ki dubi kwaɗon ɗakin. Duk manomi ya san taki ba ya shiri da ƙarfe. Ki samu takin yuriya ki jiƙa, ki haɗa da ƙasar turken awaki, wadda ta sha fitsari. Ki shafa, ki rufe da buhu kada iska ta kwashe ƙarfin. Kullum ki sake. Ba zai yi kamar na da ba, amma zai kama jikin ƙarfen."

Na dawo na duba. Kwaɗon ɗakin taki sabo ne, bara aka saye shi, amma ya fi na kakanmu tsufa. Ranar Juma'a na wuce shi ban goge ba, don na ɗauka ya riga ya mutu. A cikin ɗakin akwai ragowar buhu daga takin da aka zuba wa masara karo na biyu. Na ɗebi gwangwani guda a tsohuwar roba, na je turke na kankaro ƙasa, awaki suna kallona.

Halina ya yi mini rana a wuri ɗaya: ban manta inda aka tsaya ba. Layi shida da guda huɗu. Na bar su yadda suke, na fara daga ta biyar a layi na bakwai, na bi sittin da shidan nan da tsinke da tsumma, ina kaffa-kaffa kada ya taɓa nata. Wari kuwa ba a magana, har ido yake shiga. Na rataya buhuna biyu na danne da duwatsu. Inna tana ɗaki, taku goma sha biyar daga inda nake, ba ta leƙo ba.

Alhamis na ɗaga buhu na ga sun dusashe kawai. Juma'a suka yi ruwan ƙasa. Ran nan Inna ta ce a bar tsifar, kanta yana ciwo, kuma tuwon da aka kai mata ya dawo an ɗan ɓantari gefe. Asabar aka wuni ana yayyafi, laimar ta taimake ni. Lahadi da hantsi na cire buhuna na wanke ƙofar da ruwa. Sun yi duhu, amma ba baƙin da na sani ba. Wani dabbare-dabbare ne, baƙi a tsakiya, shuɗi-shuɗi da kore a gefe, wata ta kama sosai wata ta ƙi. Na murza ɗaya da yatsa, bai fita ba. Ko makaho ya san ba shekaru ne suka yi wannan ba, don hanci ma zai gaya masa.

Goggo ta zo ta duba, ta taɓe baki. Sai ta je tsakiyar gida, daidai tagar Inna, ta ɗaga murya kamar da ni take. "Kin ga irin aikinku na 'yan birni, ba ya kwana. Daminar bana ta mai da ƙofar ubanki yadda take. Rabi ya tsaya, rabi ya koma." Na ce haka ne, Goggo. Ba motsi daga ɗaki.

Litinin ban koma barci bayan asuba ba. Na zauna a bakin gado inda nake hangen turaka ta tsagar labule. Gari ya yi haske, zakaru suka gama, matar ƙanena ta hura wuta. Har na cire rai, sai na ji ƙarar sakatar Inna, ko in ce ban ji ba, don na sa mata mai; ƙyauren kawai na ga ya buɗe. Ta fito tana dafa bango, da ɗan kwano a hannu. Kwana tara sun rage ta sosai. Ta tsaya gaban ƙofar, na ga ta ɗan ja hanci. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ɗora yatsa a layin sama ta gangaro, ɗaya, biyu, har bakwai, ta bi gefe ta tsallake huɗu, ta tsaya a ta biyar.

Ta fi rabin awa a kanta. Abin da na shafa ya ci ƙarfen fiye da yadda shekaru suka ci, sai da ta koma ta ƙaro tsamiya. Da ta gama ta ɗauraye hannu, ta zauna a tabarma ta ce wa iska koko ya yi jinkiri yau. Guda ɗaya ta goge. Ba ta rama kwana taran da suka wuce ba.

Na ƙarasa hutuna a gidan ban sake taɓa ƙarfe ba, ko cokali sai an ce in wanke. Da aka koma makaranta na koma Funtuwa. Duk wayar da na yi wa ƙanena, bayan gaisuwa sai in ce, layi na nawa? Shi ma ya koyi duba ƙofa kafin ya fita gona.

Ta fita takaba ana tsakiyar karyar masara, tsakar gida cike da zangarniya. Na zo, dangi suka zo daga Danja da Ƙarfi, aka yi waina aka raba. Inna ta yi wanka, ta sa sabuwar atamfa, Goggo ta ranbaɗa mata kwalli. Ta fita ta zaure ta gaishe da maƙwabta. Kowa ya ce ta yi kyau, an gode Allah. Ni kuwa ƙofa na duba. Saura goma sha ɗaya: tara na kwanakin da ta kwanta, biyu kuma na watannin da ba su cika talatin ba.

Ƙanena ya ce washegari ta fito ta goge ɗaya kamar kullum, jibi ma haka. Ba wanda ya ce komai, don ta fita takaba yadda addini ya ce, kuma ba a hana mace goge ƙofar gidanta. Amma ni na iya lissafi yanzu. Na san ranar da za su ƙare, na kuma san abin da ya faru wancan karon da suka ƙare. Ranar ta faɗo Asabar. Juma'a ana tashi daga makaranta na hau mota.

Da safe ban ɓuya a bayan labule ba. Na fito na zauna a kan turmi ina ɓarar gyaɗa. Ƙusar ƙarshe tana can ƙasa a kusurwa, sai da Inna ta zauna dirshan kafin ta kai gare ta. Ta shafa tsamiya, ta jira, ta murza da toka, ta ɗauraye, ta busar. Ta ɗan ja baya da zama. Ƙofar ta zama ɗaya daga sama har ƙasa, yadda na taɓa mayar da ita, sai dai na saman sun fara dusashewa. Ta juye ragowar tokar a gindin bango, ta wanke kwanon ta kife. Ni kuwa gyaɗa sai zube mini take a ƙasa.

Ba ta tashi ba. Ta juyo, kuma ba bango ta kalla ba.

"Ke."

Na ce, na'am, Inna.

"Takin nan da kika shafa, da sauransa?"

Na ce akwai.

"Ƙasar turke ta yi yawa wancan karon, kwana uku ina jin ta a maƙoshi. Ki rage."

Na ce to. Na tambaye ta daga wane layi zan fara.

Ta mayar da ido kan ƙofar Baba ta ce, "Daga sama."

Na ajiye gyaɗar, na je na ɗauko tsohuwar robar a bayan rumbu, inda na ɓoye ta.